Build, construct, forge: tambayoyi kan kalmomin Turanci na gini da ƙirƙira

Na daɗe ina koyar da Turanci ga masu shirin JAMB, kuma babu sashen da ke kayar da su kamar na zaɓen kalma mafi kusa da ma'ana. Ƙamus yakan jero "build", "construct", "erect", "fabricate" da "forge" a layi guda, sai ɗalibi ya ɗauka duk wadda ya kama ta yi. Ga abin da aka fi tambayata.

Me ya sa abu ɗaya yake da kalmomi barkatai haka?

Tarihi ne ya jawo. A 1066 William na Normandi da ke Faransa ya ci Ingila da yaƙi, sai Faransanci ya zama harshen fada da kotu har kusan shekara 300, Latin kuma yana riƙe da coci da makaranta. Talaka bai bar harshensa ba. "Build" da "make" nasa ne, na gida. "Construct", "create" da "erect" kuwa daga Latin suka fito. Shi ya sa har yau na farkon suke a bakin kowa, na biyun kuma suka fi zama a takarda. Mu ma haka muke da Larabci: akuya ta mutu, maƙwabci ya rasu, babban malami ya yi wafati. Abin da ya faru ɗaya ne, amma wanda ya ce akuyarsa ta yi wafati dariya za a yi masa.

To mene ne tsakanin "build" da "construct"?

In gida ne ko gada, duka biyun sun yi, sai dai "construct" ta fi dacewa da takardar kwangila da allon bakin titi mai cewa "under construction". Bambancin yana fitowa ne in an bar bulo da siminti. Bature yana cewa "build trust", wato gina amana, abin da ke tashi a hankali, yau da gobe. Ba ya cewa "construct trust". Amma jimla, ko hujja, ko alwatikar da ake zanawa da kamfas da rula a jarrabawar lissafi, "construct" ake yi musu, domin tushen kalmar a Latin shi ne jera abu bisa abu cikin tsari. Daga wannan tushe "structure" ta fito, har da "destroy", wadda take rushe abin da aka jera.

A kula da lafazi kuma. In "construct" aikatau ce, nauyin murya yana kan gaɓa ta biyu. In suna ce, kamar a "social construct", yana komawa gaɓa ta farko.

Duk inda Bahaushe ya ce gina, "build" ce?

A'a, kuma nan ne Hausa ke yi wa yaranmu ƙafa. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini "My father built a well behind our house." Na san abin da ke ranta sarai: babanta ya gina rijiya. Mu muna gina sama, muna gina ƙasa. Rami ma gina shi muke yi. Turanci kuwa "dig" yake yi wa rijiya da rami. Mai ginin tukwane ma "make" yake yi wa tukunyarsa. Da ta bar jimlar yadda take, mai makin zai ɗauka katangar bakin rijiyar kawai mahaifin ya ɗora.

"Erect", "assemble" da "manufacture" fa?

Waɗannan ba su da wuya. "Erect" tsayar da abu ne, kamar turken lantarki, tanti ko shinge. "Assemble" harhaɗa sassan da aka riga aka ƙera, irin aikin da kamfanin Peugeot ya fara a Kaduna a 1975. "Manufacture" sarrafawa a masana'anta da yawa, ko da yake asalinta a Latin "yi da hannu" ne.

Me ya haɗa "fabricate" da "forge" da ƙarya?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa. Kalmomin biyu uwarsu ɗaya, "fabrica" ta Latin, wato rumfar mai sana'ar hannu. "Fabricate" ta shigo kai tsaye, "forge" kuma ta biyo ta Faransanci, hanya ta tauye ta. Dukansu a maƙera suka tashi, kuma har yanzu mai walda yana "fabricate" ƙofar ƙarfe, maƙeri yana "forge" fartanya.

Amma wanda ya iya ƙera na gaskiya ya iya ƙera jabu. Sai "fabricate a story" ta zama ƙaga labari, "forge a signature" ta zama kwaikwayon sa hannun wani. Ba su musanyuwa a nan: labari, uzuri da shaidar baki ana "fabricate" ɗinsu, takardar makaranta, caki da sa hannu kuma ana "forge" ɗinsu, domin akwai na asali da ake kwaikwaya. Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba. Ƙago abu basira ce, amma a yi wa mutum ƙage sharri ne, alhali kalmar ɗaya ce. "Forge" ma tana da fuska mai kyau, kamar ƙulla tamu. Ana ƙulla sharri, ana ƙulla zumunci, Bature kuma yana cewa "forge a friendship".

Idan tunani ne ba gini ba, wacce zan ɗauka?

Duba matakin da tunanin yake. Sa'ad da ya fara faɗo maka, "conceive" ke nan, kalmar da ake faɗa wa mace in ta ɗauki ciki, kuma 'yar'uwar "concept" ce. In ka zauna kana ƙulla dabarar fita daga matsala, "devise a plan" kake yi. In ka zo tsara shi daki-daki yadda za a rubuta, kamar manufar gwamnati, "formulate" ce. Ra'ayi kuwa "form" ake yi masa, "form an opinion", don sannu a hankali yake kama siffa.

"Invent" ƙago abin da babu shi ne, "discover" gano abin da dama yana nan. Masanin kimiyya Alexander Graham Bell ya karɓi takardar mallakar fasahar tarho a 1876, wannan "invent" ne. Likita Alexander Fleming ya lura da maganin penisilin a 1928, wannan "discover" ne. Abin dariyar shi ne a Latin "invent" ma samowa take nufi.

A jarrabawa, in duk zaɓin sun yi kama, ya zan yi?

Kada ka zuba wa kalmar da aka ja wa layi ido. Dubi maƙwabciyarta. A ce an ba ka "The witness fabricated his evidence", zaɓi kuma "built", "erected", "assembled" da "invented". Rabin ajina "assembled" suke ɗauka, suna tunanin mai shaida ya tattaro hujjoji. Amma mutum ne a gaban alƙali, abin da ya "fabricate" kuma magana ce, ba ƙofar ƙarfe ba. Ƙage ya yi. Amsar ita ce "invented".