Ma'anar "Kotun Soja", da Yadda Take Bi da Sojan da Hankalinsa Ya Taɓu

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa za a gurfanar da wani hafsa ko ƙaramin soja a gaban kotun soja, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne magana ta riga ta ƙare, abin da ya rage kawai shi ne a faɗi hukunci. Wannan zato yana da asali, domin waɗanda suka ga zamanin mulkin soja a Najeriya ba su manta da yadda aka ƙare da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka a 1976, ko Manjo Janar Mamman Vatsa a 1986, ko Manjo Gideon Orkar a 1990 ba. Sai dai waɗancan kotuna ne na musamman da gwamnatocin soja suka kafa domin shari'ar masu juyin mulki. Kotun soja ta yau, wadda dokar rundunar soja ta tanada, kotu ce mai ƙa'idojin shaida, da lauyan wanda ake tuhuma, da damar ɗaukaka ƙara.

A taƙaice, kotun soja zama ne na shari'a da wani babban kwamanda, wanda doka ta ba shi wannan iko, yake kafawa domin sauraron tuhumar da ake yi wa mutumin da ke ƙarƙashin dokar soja. Ba ta da ginin da take zama kullum kamar kotun majistare ko babbar kotun jiha. Ana kafa ta ne saboda wata tuhuma, idan ta gama aikinta kuma sai ta watse. Laifuffukan da ta fi saurara su ne waɗanda farar hula ba ya iya aikata su, kamar tawaye, da gudu daga fagen fama, da ƙin bin umarnin na gaba, da barin bakin aiki ba tare da izini ba, ko da yake tana iya sauraron laifi irin su sata da kisa idan soja ne ya aikata.

A Najeriya batun yana da sauƙin fahimta ta fuskar iko. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya harkar tsaro a cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take da hurumi a kansu, don haka babu jihar da take da sojanta, balle ta yi dokar kotun soja. Dokar Rundunonin Soja ta tanadi kotu iri biyu: babba, mai shugaba da mambobi aƙalla huɗu, da ta musamman, mai shugaba da mambobi aƙalla biyu, kuma kowace tana zama tare da lauyan da ke haskaka mata abin da doka ta ce. Wanda aka yanke wa hukunci yana iya tafiya Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan har Kotun Ƙoli.

A Amurka ne lamarin yake da hawa biyu, kuma a can ne ake maganar dokokin jihohi kan kotun soja. Sojan tarayya yana ƙarƙashin kundin shari'ar soja na bai-ɗaya, wanda Shugaba Harry Truman ya sanya wa hannu a 1950, ya fara aiki a 1951. Kundin ya raba kotunan gida uku: ƙarama ta gaggawa mai hafsa guda, da matsakaiciya, da babba wadda tun daga farkon 2019 take zama da mambobi takwas, ko goma sha biyu idan laifin yana iya kai wa ga hukuncin kisa. Amma ban da sojan tarayya, kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da dakarunta na ko-ta-kwana, waɗanda Amurkawa ke kira National Guard. Yawancinsu mutane ne masu sana'o'insu a gari, malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan asibiti, suna zuwa atisaye a ƙarshen mako sau ɗaya a wata, ana kuma kiran su idan an yi ambaliya ko gobarar daji ko tarzoma. Kotun Ƙolin ƙasar ta bayyana a 1990, a shari'ar da Gwamna Rudy Perpich na Minesota ya shigar, cewa irin wannan soja yana da matsayi biyu. Idan shugaban ƙasa ya kira shi, ya zama sojan tarayya, dokar tarayya ce take kansa. Idan kuwa yana aiki ƙarƙashin gwamna, dokar jiharsa ce za ta hukunta shi. Saboda haka majalisun jihohi suke rubuta nasu kundin shari'ar soja, galibi suna kwaikwayon na tarayya, amma suna ɗaure shi da sauran dokokin jihar.

Inda wannan haɗi da dokokin jihar ya fi muhimmanci shi ne batun lafiyar ƙwaƙwalwa. Dalili kuwa shi ne kotun soja tana iya yanke hukunci, tana iya rage muƙami ko korar mutum daga aiki, amma ba ta da asibitin masu taɓin hankali da za ta ajiye mutum watanni ana yi masa magani. Dole ta miƙa shi ga wata hukuma ta farar hula, kuma dole doka ta faɗi wace hukuma ce, har tsawon wane lokaci, da kuma wanda zai ce ya warke.

Akwai tambayoyi biyu da mutane suka saba cakuɗa su, alhali kowace da muhallinta. Ta farko tana duban yau: shin wanda ake tuhuma yana da hankalin da zai fahimci shari'ar da ake yi masa, ya kuma taimaki lauyansa wajen kare kansa? Wannan ma'auni ya fito ne daga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1960 a shari'ar Milton Dusky. Idan amsar ita ce a'a, ba a wanke shi daga laifi ba, an dai dakatar da shari'ar ne har ya samu sauƙi. Tambaya ta biyu tana duban jiya: a lokacin da ya aikata abin, shin yana da cutar ƙwaƙwalwa mai tsanani da ta hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa laifi ne? Tushen wannan tambaya yana Ingila, a shekarar 1843, lokacin da Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, aka kuma wanke shi saboda rashin hankali. Mai karatu Musulmi ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin tun a makarantar allo da zaure aka sanar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo.

Mutum yana iya cin tambaya ta farko ya faɗi ta biyu, ko akasin haka. A kotun sojan tarayyar Amurka, idan kwamanda ko lauya ko alƙali ya yi shakkar hankalin wanda ake tuhuma, ana kafa kwamitin likitocin ƙwaƙwalwa ko masana halayyar ɗan Adam su bincike shi su amsa tambayoyin biyu. Shari'ar Saje Bowe Bergdahl ta nuna yadda abin yake aiki. Ya bar sansaninsa a Afganistan a 2009, ya shafe shekara biyar a hannun 'yan Taliban, bayan dawowarsa kuma kwamitin likitoci ya tabbatar yana da wata lalura ta ƙwaƙwalwa tun a lokacin da ya bar sansanin, amma ya ce lalurar ba ta hana shi sanin cewa abin da ya yi kuskure ne ba. Don haka aka ci gaba da shari'a, ya amsa laifinsa a 2017, alƙali ya kore shi daga soja ba tare da ɗauri ba. Samun cuta kaɗai ba ya isa kariya, sai an nuna cewa ita ce ta rufe masa ido daga gane laifi.

Ƙofar wannan kariya ma an matse ta da gangan. Bayan da John Hinckley ya harbi Shugaba Ronald Reagan a watan Maris na 1981, aka kuma wanke shi a 1982 saboda taɓin hankali, jama'a sun fusata ƙwarai. Majalisar tarayya ta sauya doka a 1984, ta ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ake tuhuma, ta ce shi ne zai tabbatar da rashin hankalinsa da hujja bayyananniya mai gamsarwa, sannan aka shigar da irin wannan ƙa'ida cikin kundin soja a 1986. Wasu jihohi sun ma wuce nan. Kansas da Montana da Aidaho da Yuta sun soke wannan kariya yadda aka san ta, kuma a 2020 Kotun Ƙoli ta ce Kansas ba ta saɓa wa tsarin mulki ba da ta yi haka. A ganina wannan babban abin damuwa ne, domin hankali ba ya sauya yanayi saboda mutum ya tsallaka iyakar jiha, amma ga shi makomar mai cutar tana iya sauyawa.

Jihar Wiskonsin misali ce mai kyau ta yadda ake haɗa dokar soja da ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Babi na 322 na dokokinta shi ne kundin shari'ar sojan jihar, kuma a cikinsa akwai sashen da ya ce idan aka samu wanda ake tuhuma a babbar kotun soja ba shi da hankalin fahimtar shari'a, ana kuma sa ran zai farfaɗo, to kwamandan da ya kafa kotun zai miƙa shi ga ma'aikatar lafiya ta jihar, a bi da shi bisa ƙa'idar da ake bi da farar hula. Wannan ƙa'ida ta iyakance tsarewar neman magani zuwa wata goma sha biyu, ko tsawon hukunci mafi girma na laifin, duk wanda ya fi gajarta. Ma'aikatar ce take gudanar da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na jihar guda biyu, Mendota da ke birnin Madisin da kuma Winnebago. A tsarin tarayya kuwa, ana miƙa sojan ne ga Babban Lauyan Gwamnati, wanda zai kwantar da shi asibiti na tsawon da bai wuce wata huɗu ba a karon farko, domin a ga ko akwai alamar zai warke.

Wannan iyakance lokaci ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne abin da ya fi jan hankalina a dukan tsarin. Kafin 1972, wanda aka ce bai cancanci fuskantar shari'a ba yana iya ƙare rayuwarsa a asibiti ba tare da an taɓa tabbatar da laifinsa ba. A shekarar ce Kotun Ƙoli ta duba batun Theon Jackson, wani kurma bebe daga jihar Indiyana da aka tuhuma da ƙwacen abin da bai kai dala goma ba, aka kuma tsare shi har sai ya warke, alhali likitoci sun ce da wuya ya taɓa iya fahimtar shari'a. Kotun ta ce ba za a riƙe mutum fiye da lokacin da ya dace a gane ko zai farfaɗo ba. Idan ba zai farfaɗo ba, sai a sake shi, ko a bi hanyar tsare marar lafiya ta farar hula. Ita ma wannan hanya tana da nata shinge, wanda a Wiskonsin aka kafa shi a wannan shekara ta 1972, lokacin da wata kotun tarayya ta yanke hukunci a ƙarar Alberta Lessard cewa ba a tsare mai taɓin hankali da ƙarfi sai an nuna yana da haɗari, an kuma ba shi lauya da damar a saurare shi. Babi na 51 na dokokin jihar shi ne yake tsara wannan a yau.

Abin da ya sa batun ya shafe mu a fili yake. Sojojin Najeriya sun shafe fiye da shekara goma suna yaƙi a Arewa maso Gabas, kuma duk wanda yake da ɗan'uwa a barikin soja ya san yadda wasu suke dawowa: ba barci, ga saurin fushi, ga firgita da ƙarar ƙofa. A watan Satumba na 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa saboda tawayen da aka yi a barikin Maimalari na Maiduguri, a watan Disamba kuma ta yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita yaƙi, kafin rundunar ta sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma a ƙarshen 2015. Ba ina cewa waɗannan mutane ba su da hankali ba ne, domin hujjar da aka fi ji daga ɓangarensu ita ce ƙarancin makamai. Abin da nake cewa shi ne rundunar da ta daɗe haka a fagen fama dole kotunanta su riƙa cin karo da mutanen da yaƙi ya taɓa ƙwaƙwalwarsu, kuma bai kamata a bar gano hakan ga sa'ar samun lauya mai lura ba.

Dokokinmu sun san kariyar rashin hankali, tana sashe na 51 na kundin laifuffukan Arewa da sashe na 28 na kundin Kudu. Amma tsarin kula da marar lafiyar ya daɗe a baya, domin dokar mahaukata ta 1958, wadda muka gada daga Turawan mulkin mallaka, ita ce take aiki har zuwa watan Janairu na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma su ne wuraren da za su iya karɓar irin wannan soja. Abin da nake fata masu gyaran Dokar Rundunonin Soja su ɗauka daga misalin Wiskonsin shi ne a rubuta ƙarara wanda zai binciki sojan, da asibitin da za a kai shi, da adadin watannin da za a riƙe shi, da ranar da tilas a dawo da rahotonsa gaban kotu.