Ka tsinci kurege da rauni: me za ka yi, me za ka bari?

Kuregen da muka sani a ƙasar Hausa shi ne na ƙasa, mai farin layi a kowane gefen jikinsa da jela buzu-buzu, wanda ke haƙa raminsa a gindin bishiya ko cikin tsohon suri. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha da Kenya, kuma babbansa kan kai rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Da rana yake yawonsa, shi ya sa yake yawan gamuwa da karen farauta, danƙon yara, tarkon gonar gyaɗa, wutar daji a lokacin rani, da tayar babur. Wanda ya tsince shi kwance yakan ji tausayinsa, sai dai ya rasa ta inda zai fara. Ga tambayoyin da suka fi zuwa bakin mai irin wannan tsintuwa.

Na gan shi kwance bai gudu ba. Ta yaya zan tabbatar rauni ne da shi?

Rashin gudun kansa alama ce, domin lafiyayyen kurege ba ya bari ka matso kusa. Tsaya daga nesa ka dube shi na 'yan mintoci. Jini, jan ƙafafun baya, karkatar da kai gefe ɗaya, juyi a wuri guda, numfashi da baki buɗe, ko ƙudaje da tururuwa a jikinsa, kowanne daga cikinsu ya isa. In kuwa daga bakin kyanwa ko kare aka ƙwato shi, ɗauka yana da rauni ko da ba ka ga ɗigon jini ba.

Yaya zan ɗauke shi bai cije ni ba?

Kada ka sa masa hannu tsirara, komai lagwas ɗin da ya yi. Haƙoran da ke fasa ƙwallon aduwa ba za su sha wahalar yatsa ba. Nemi tawul mai kauri ko tsohuwar riga ka lulluɓe shi gaba ɗaya har kansa. Da zarar ya daina gani yakan lafa. Sai ka tattaro shi da tsumman, ko ka tura shi a hankali cikin kwalin da ka kwantar a gefensa. In kana da safar hannu ta fata irin ta masu walda, sa ta.

Kada ka kama jelarsa. Fatar jelar kurege na saɓulewa ta bar ƙashi tsirara, sashen da ya saɓule kuma yakan bushe ya faɗi, ba ya sake tsirowa. Da jelar nan yake daidaita jikinsa wajen gudu.

Kwalin ya kasance an huhhuda shi tun kafin a sa shi ciki, an shimfiɗa tsohon zane mara zare-zare, don farcensa na sarƙewa a tawul mai gashi. Rufe, ka ajiye a ɗaki mai duhu da shiru, nesa da kaji, kyanwa, rediyo da yara. Na san yaran gida za su so leƙawa, amma a wurinsa kowane buɗe kwali zuwan mafarauci ne, kuma firgita kaɗai na iya ƙarasa ƙaramar dabbar da ta riga ta jigata.

Ai yana jin yunwa da ƙishirwa. In ba shi madara ko ruwa?

A'a, ba yanzu ba. A nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya ke rasa dabbar da suka ceto, don haka bari mu ɗan daɗe a kai.

Dabbar da ta ji ciwo mai tsanani jikinta kan yi sanyi, jini ya janye daga hanji ya koma ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Abincin da ka ba ta a wannan hali ba zai narke ba, zama zai yi a ciki ya kumbura ta. Ruwan da ka ɗura mata da cokali kuwa, tunda ba ta da ƙarfin haɗiya, sai ya bi ta maƙogwaron iska ya sauka a huhu. Kwana ɗaya ko biyu ka ji numfashinta na ƙas-ƙas, shi ke nan ciwon huhu ya kama ta.

Tsarin shi ne ɗumi da farko, sannan ruwa, abinci daga ƙarshe. Zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ka naɗe ta da zane, ka jingina a gefe ɗaya na kwalin ta yadda zai iya matsowa ko ya ja baya. Gwada ta a bayan hannunka. In ta ƙona ka, ta yi masa zafi. A hunturu za ka riƙa sauya ruwan har cikin dare. A bazara matsalar juyawa take yi: ɗakin kwano da tsakar rana na iya kashe shi, don haka nemi wuri mai inuwa da iska, kada kuma ka jiƙa shi da ruwan sanyi.

Idan sa'o'i suka shuɗe ka ga ya zauna da kansa, idonsa ya washe, sa masa ruwa a murfin kwalba mara zurfi ya sha da kansa. Bayan nan ne za ka ajiye ɗan yankan dankali, kabewa ko ɗanyar masara. Madarar shanu, ta gari ce ko ta gwangwani ko kindirmo, zawo take sa shi, zawo kuma ya ƙarasa busar da shi. Haka kunu, koko da burodi.

Raunin fa, me zan sa masa?

In ƙarami ne kuma yana inda za ka iya kai wa ba tare da kokawa ba, wanke shi da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce. Zuƙo da sirinji mara allura ka fesa a hankali, wani yana riƙe da shi cikin zane, kansa a rufe. Aidin da aka tsarma da ruwa sosai ma yana yi. Duba gashin da ke kewaye da raunin da kyau: in ka ga wasu fararen abubuwa a manne kamar ɓarzajjiyar shinkafa, ƙwan ƙuda ne, kuma cikin yini guda suke zama tsutsa. Kankare su da tsohon buroshin haƙori.

Baƙin mai, toka, garin batir, kananzir da fiya-fiya duk a nisanta su da shi. Kurege na lasar jikinsa, abin da ka shafa masa cikinsa zai tafi. Kada kuma a gutsuro masa farasitamol ko kafso na mutane. Abin da ya yi wa mutum mai kilo 60 daidai guba ne ga mai rabin kilo. Ɗori ma kada ka gwada, zai gwaigwaye karan da zaren, wani lokaci har da ƙafar.

In na kai kurege asibitin dabbobi, ba dariya za a yi mini ba?

Wataƙila wani a bakin ƙofa ya yi murmushi, amma likitan dabbobi ya karanci irin waɗannan halittu, kuma akwai abin da shi kaɗai zai iya yi. Cizon kyanwa shi ne babban misali. Haƙoranta sirara ne, hudar da suke yi takan rufe nan da nan, ta bar ƙwayar cutar da ake kira Pasteurella a ƙarƙashin fata. Kuregen da ya yi kamar ya warware da safe yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu in ba a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta gwargwadon nauyinsa ba. Ƙuna, karaya, da zubar jini ta hanci ko baki, wanda kan nuna ya ci maganin ɓera, su ma aikin likita ne.

Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom kusa da Jos. Wanda ke nesa da waɗannan ya nemi asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ko ma'aikatan gandun daji, a Najeriya yake ko a Nijar. Ko ta waya ce, ka faɗa musu abin da ya same shi, tun yaushe, da kimanin nauyinsa.

Jariri ne, idonsa ma bai buɗe ba. Uwar ta gudu.

Irin wannan yakan faru idan an tone rami, ko garma ta bi ta kansa, ko ruwan sama ya cika shi. Fara da ba uwar dama. Ɗumama ɗan, ka sa shi a kwali mara zurfi a inuwa kusa da ramin, ka ja can nesa ka hana karnuka zuwa. Zancen cewa uwa na ƙin ɗanta don ta ji warin hannun mutum ba gaskiya ba ne; abin da ke sa ta bar shi shi ne ta same shi a sandare da sanyi. Sau da yawa takan dawo ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya a bakinta zuwa wani ramin. In magariba ta gabato ba ta zo ba, shigar da shi gida.

Daga nan aiki ne ja, gara ka sani tun farko. Bayan ya ɗumama, a fara da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, mai ɗumi, ɗigo-ɗigo da sirinjin mililita 1, na tsawon abin da bai wuce yini ɗaya ba. Sannan madarar da ake haɗawa don 'yan kwikwiyo, in ana samunta a shagon magungunan dabbobi. In babu, nonon akuya da aka tafasa ya huce ya fi na saniya sauƙi a cikinsa, a matsayin maneji kafin ka ga likita. A tsarma ta da ruwa a farko, a riƙa rage ruwan a hankali. Kowane shayarwa kimanin kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, wato mai giram 40 ya sha mililita 2, duk bayan awa uku, har da dare. Riƙe shi a kife ko a tsaye, ba a rigingine ba. In madara ta ɓullo ta hancinsa, dakata nan take, ka sunkuyar da kansa ka goge.

Abin da aka fi mantawa: jariri mai rufaffen ido ba ya iya fitsari da kashi da kansa, uwar ce ke lasar ƙasan cikinsa. Bayan kowane ci, jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka riƙa shafa wurin a hankali har ya yi.

An ce cizon kurege na da dafi. Haka ne? Akwai cutar da zan iya ɗauka?

Ba shi da dafi irin na maciji, amma tsoron da mutanenmu ke yi wa cizonsa yana da tushe. Hudar na da zurfi, bakinsa kuma na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa kumburi da zazzaɓi. In ya cije ka, wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ka je asibiti a duba batun allurar tetanus. Zazzaɓi, ƙuraje ko ciwon gaɓoɓi a kwanakin da suka biyo baya, koma ka faɗa wa likita abin da ya cije ka. Ciwon haukan kare da wuya ake samunsa a kurege da danginsa, amma bar likita ya yanke wannan hukuncin.

Sai ƙyandar biri. A 1985 an gano ƙwayar cutar a jikin wani kuregen bishiya a ƙasar da a lokacin ake kira Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yau, kuma ɓarkewar da aka yi a Amurka a 2003 ta samo asali ne daga ƙananan dabbobin daji da aka kai daga Gana. A Najeriya cutar ta sake ɓulla a 2017 daga jihar Bayelsa. Kuregen kurmi ne aka fi zargi, ba namu na ƙasa ba, duk da haka in ka ga ƙuraje ko gyambo a fatarsa ba tare da alamar duka ba, kada ka kai shi gida. Mai ciki, ƙananan yara da mara lafiya su nisanci kwalin, kuma a wanke hannu bayan kowane taɓawa. Ƙuma da kaska na jikinsa, don haka tsumman da ya kwanta a kai a ƙone shi.

Ƙafafunsa na baya ba sa motsi ko kaɗan. Zai warke?

Wani lokaci buguwa ce kawai, kwana biyu ko uku na hutu sai motsi ya fara dawowa. In lakar bayansa ce ta tsinke, ba ya jin taɓi, fitsari na zuba ba da saninsa ba, to ba zai koma daji ba, kuma riƙe shi tsawaita masa azaba ne. Likita na da allurar da ke kawo ƙarshen wahalar cikin sauƙi. Inda babu likita, wanda ya iya yanka ya yi shi da wuƙa mai kaifi, da sauri. Kada a ci naman, tunda ba a san abin da ke jikinsa ba. A binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba.

Ni manomi ne, kurege ɓarna yake mini. Me zai sa in wahala a kansa?

Ɓarnar gaskiya ce. Yana tone irin da aka shuka, yana cin gyaɗa, rogo da dankali, kuma babu mai ganin laifin wanda ya kare gonarsa. Sai dai tsare gona daban, barin mai rai yana shure-shure a tarko tun safe har yamma daban. A hadisi ingantacce, an gafarta wa mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka kuma ce akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta, wato kowane mai rai. In kana kafa tarko, ka riƙa zagaya shi safe da yamma.

Ya warke, yara sun saba da shi. Mu riƙe shi?

Ban ba da wannan shawarar ba. Ɗan kuregen da ke hawa kafaɗa yau, yana balaga zai fara cizo. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaigwaya, kwali da katako ba za su riƙe shi ba. Gyaɗa zalla da aka saba ba shi a gida kuma tana hana ƙashinsa samun sinadarin kalsiyam, sai ka ga ya fara rawar jiki, ƙafafu sun shanye. Muddin yana hannunka, haɗa masa ganye irin su zogale, saiwoyi, hatsi da fara, ka sa masa reshen itace, ka bar shi ya sha hantsi da inuwa a kusa.

Ka san ya isa saki idan yana gudu da ƙafafu huɗu ba ɗingishi, yana fasa abu mai tauri da kansa, yana kuma ɓuya in ya gan ka. Babba a mayar da shi daidai inda aka tsince shi, domin a can ya san ramukansa da wuraren da ya binne abinci, sai fa in wurin ya ƙone ko bakin titi ne. Wanda aka raina tun yana jariri yana bukatar makonni a babban keji a waje, da ƙasar da zai koyi haƙa, ana rage mu'amala da shi. A sake shi da safe, ranar da babu hadari, kusa da suri ko sarƙaƙiya, sannan a ci gaba da ajiye masa ɗan abinci da ruwa a wurin na kwanaki kafin ya kama kiwo da kansa.