Mene ne safbod, kuma me ya sa wani dogo wani gajere?

Tun da aka sa wasan hawan igiyar ruwa cikin gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, samari a majalisarmu ta Ƙofar Soro ke nuna mini bidiyo suna cewa, “Malam, wannan allon da suke tsayawa a kai fa? Na wani zungurere, na wani ɗan guntu.” Ba laifinsu ba ne, mu da babban ruwanmu bai wuce dam ɗin Zobe da na Jibiya ba.

Sunan allon safbod. Mutanen tsibiran Hawayi sun daɗe suna sassaƙa shi da itace. Na yanzu kumfa ce mai tauri aka lulluɓe da zaren gilas.

Tuna goran masunta: iya girmansa, iya yadda zai ɗauke ka a kan ruwa. Haka allon yake, shi ya sa ake auna cikinsa da lita. Dogon allo, mai ƙafa 9 zuwa sama, yana da faɗi da kauri, ba ya yawan tangaɗi, ko ƙaramar igiya ta taso zai kama ta da wuri. Sai dai juya shi aiki ne. Gajeren, mai kamar ƙafa 6, sai igiya mai ƙarfi da ƙafar gwani, amma yana karya kwana kamar dokin da ya san linzami.

Abin da ya fi burge ni shi ne lanƙwasar allon daga hanci zuwa wutsiya. In ta yi yawa, hancin ba zai nutse ba lokacin gangarowa daga igiya mai tsayi, amma gudu ya ragu. In allon ya miƙe samɓal, ga gudu, ga haɗarin kifewa ta ka. Masassaƙi ba ya samun duka biyun, dole ya zaɓa.

A ƙarƙashi kuma akwai ƴan fukafukai masu hana allon zamewa gefe. A 1980 Simon Anderson, ɗan Ostareliya, ya fito da mai guda uku, kuma shi ne yawancin ƴan gasa ke hawa har yau.

Wanda hanya ta kai shi Legas, ana wasan a Tarkwa Bay. Ka nemi dogon allo mai laushi a saman da ake tsayawa, kada na ƴan gasa ya ruɗe ka.