Su da yawa aka haɗa a kes ɗin kisa, za a iya ware wa namu shari'arsa shi kaɗai?

Wannan magana tana yawan tasowa a wajen mutanenmu na nan Legas, ko a Agege ne ko Mile 12 ko Idi-Araba ko Alabar Rago. Rikici ne zai tashi a kasuwa ko a tasha, a rasa rai, 'yan sanda su zo su kwashi mutum biyar shida su kai su Panti, wato ofishin 'yan sanda masu binciken manyan laifuka na jiha, daga nan majistare ya tura su gidan yarin Ikoyi ko Kirikiri a jira shawarar DPP, wato daraktan gurfanar da masu laifi na gwamnatin jiha, tunda shi majistare ba shi da hurumin yin shari'ar kisa, in shawarar ta fito sai ka ga an jera sunayensu gaba ɗaya a takardar caji ɗaya a babbar kotu, ta Ikeja ko ta TBS, wato dandalin Tafawa Balewa. To daga nan ne iyaye ke fara cewa mu dai a ware mana namu. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ya sa tun farko ake haɗa su, alhali wuƙa ɗaya ce kuma hannu ɗaya ne ya caka?

Saboda doka ba hannun da ya caka kawai take kallo ba. Wanda ya riƙe, wanda ya tare hanya, wanda ya ba da makami, wanda ya zuga, duk ana iya cajinsu da kisan kansa, haka in mutane sun haɗa niyya za su aikata wani abu na laifi kuma kisa ya biyo baya ta hanyar da mai hankali zai iya hangowa, to kowannensu ana ɗaukarsa kamar shi ya yi. Shi ya sa za ka ga cajin biyu ne kusan kullum, haɗa baki da kuma kisa, a dokar laifuka ta jihar Legas ta 2015 sashe na 223 ne ya ce hukuncin wanda ya yi kisan kai shi ne kisa. Kuma ta ɓangaren gwamnati haɗawar ta fi mata sauƙi, likitan da ya duba gawa sau ɗaya zai zo, ɗan sandan da ya yi bincike sau ɗaya, shaidun gani da ido sau ɗaya. Wanda ya taɓa ganin yadda ake fama kafin ɗan sanda mai bincike ya zo kotu bayan an yi masa taransifa zuwa wata jiha zai gane me ya sa ba sa son a raba.

To doka ta yarda a raba ɗin kuwa?

Ta yarda, amma ba haƙƙi ba ne da za ka buga ƙirji ka ce dole a ba ka. Ganin damar alƙali ne. Lauya zai shigar da moshan a rubuce, da takardar rantsuwa mai ɗauke da dalilai, a ba wa lauyan gwamnati da lauyoyin sauran waɗanda ake tuhuma kwafi, kowa ya faɗi nasa, alƙali ya yanke. An fi so a nema da wuri kafin a fara kiran shaidu, in an yi nisa abin yana ƙara wuya.

Ɗaya daga cikinsu ya ambaci sunan ɗana a sitatimen ɗinsa a Panti, ya ce tare suka yi. Wannan bai isa a raba su ba?

Hajiya wannan shi ne dalilin da kowa ke fara kawowa, kuma shi ne wanda ya fi saurin faɗuwa a kotu. Dalili kuwa doka ta riga ta toshe wannan ƙofar da kanta. Dokar shaida ta 2011 sashe na 29(4) ta ce in ana tuhumar mutane tare, ɗaya ya yi iƙirarin laifi ya sako wani a ciki, kotu ba za ta yi amfani da wannan maganar a kan wancan ba sai in shi wancan ɗin ya amince da ita da bakinsa ko da aikinsa. Wato abin da wane ya faɗa wa 'yan sanda kansa kawai yake ci. Saboda haka in lauya ya tashi ya ce ranka ya daɗe sitatimen ɗin wane zai ɓata wa wanda nake karewa, amsar da zai samu ita ce ai ni na san doka, ba zan lissafa masa ita ba.

Kuma a nan akwai abin da mutane ba su lura da shi ba. A Ingila da Amurka inda ake jin labarin raba shari'a da yawa, mutanen gari ne ake zaɓowa su zauna su saurari shaida su ce mai laifi ne ko ba mai laifi ba ne, su kuma ba su karanci doka ba, in suka ji magana ta shiga kunnensu ta shiga kenan ko an ce musu su manta da ita. A Legas yau alƙali ɗaya ne yake sauraro kuma shi yake yankewa, ana ɗaukarsa a matsayin wanda zai iya ware wannan shaida ta wane ce, waccan ta wane ce, kuma dole ya rubuta dalilinsa a hukunci yadda in ya cakuɗa su kotun ɗaukaka ƙara za ta kama shi. Ni dai a ganina alƙali ma ɗan adam ne, abin da ya karanta ya karanta, amma dai haka tsarin yake kuma da shi za ka yi aiki.

Abin da ya fi amfani a kan sitatimen shi ne a duba yadda aka ɗauke shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Legas sashe na 9(3) ta ce in mutum zai yi iƙirari a ɗauka a bidiyo, in babu bidiyo to a rubuta a gaban lauyansa. In kuma duka aka yi masa ko aka rataye shi kafin ya sa hannu, ana yin wata ƙaramar shari'a a cikin shari'ar don a gano ko da son ransa ya faɗa. Ga kuma matsalar da ta fi damun namu, yaro bai jin Turanci bai jin Yarbanci, wani ne ya yi tafinta aka rubuta aka ce dangwala, to wannan tafintan sai an kawo shi kotu ya ba da shaida. Lauyan da ya san aikinsa nan yake sa ƙarfi.

In kuma ya maimaita maganar a gaban alƙali fa?

To nan labari ya canza. In ya shiga akwatin shaida ya yi rantsuwa ya ce wane ne ya caka ni ina gefe, wannan ta zama shaida cikakkiya, kotu za ta iya auna ta a kan ɗanki, sai dai lauyan ɗanki yana da damar yi masa tambayoyin ƙure. Irin wannan kes ɗin da kowa ke jefa wa ɗan uwansa laifi, mutane suna zaton shi ne ya fi cancanta a raba, amma sau da yawa alƙalai suna ganin gara a ji su a zama ɗaya, don in aka raba kowa zai je gaban nasa alƙalin ya ɗora wa wanda ba ya nan, a ƙarshe a sallami duka alhali ga gawa.

To wane dalili ne yake shiga kunnen alƙali?

Ɓata lokaci, shi ne babba. Kes ɗin da hukuncinsa kisa ne ba a ci gaba da shi in wanda ake tuhuma ba shi da lauya a zaune, to ka ɗauka su biyar ne kowa da lauyansa, yau na wane bai zo ba, wata mai zuwa wane ba shi da lafiya ba a fito da shi daga Kirikiri ba, wata na gaba wane ya kori lauyansa sabon yana neman lokaci ya karanta fayil, wani kuma ya tafi afil, wato ya ɗaukaka ƙara, a kan wata ƙaramar magana, kai da ba ka da matsala kana zaune a ciki shekara tana wucewa, zama da maɗaukin kanwa kenan. Sashe na 36(4) na tsarin mulki na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurari shari'arsa cikin lokacin da ya dace, kuma a kan wannan ake dogara. Haka in ɗaya ya samu taɓin hankali ko ciwo mai tsanani da ba zai iya tsayawa shari'a ba, ko ya gudu, ba za a riƙe sauran har abada ba.

Misalin da manyanmu za su tuna a nan Legas aka yi shi. A watan Fabrairun 1996 aka harbi Alex Ibru mai jaridar Guardian a gadar Falomo, Allah ya yi da sauran kwanansa. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 gwamnatin Legas ta gurfanar da Janar Ishaya Bamaiyi tsohon shugaban sojan ƙasa, da Manjo Hamza Al-Mustapha, da James Danbaba tsohon kwamishinan 'yan sandan Legas, da Kanar Jibrin Bala Yakubu tsohon gwamnan soja na Zamfara, da Rabo Lawal, a kan yunƙurin kisa. Shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, Bamaiyi ya nemi a ware masa tasa, aka ware, a watan Afrilun 2008 Mai shari'a Joseph Oyewole ya wanke shi ya sallame shi bayan ya yi sama da shekara takwas a tsare. Sauran kuwa sai a Disambar 2010 aka wanke su a wannan kes ɗin. Kun ga rabawar ta rage masa sama da shekara biyu da rabi, amma a lura, ba rabawar ce ta wanke shi ba, shaidar gwamnati ce ba ta kai ba, tunda su ma waɗanda suka zauna tare an wanke su daga baya.

In an raba zai samu beli?

A'a, babu ruwan wannan da wancan. Cajin yana nan yadda yake, beli a kes ɗin kisa babbar kotu ce kawai ke bayarwa kuma sai da dalili na musamman, kamar ciwon da asibitin gidan yari ba zai iya da shi ba ko jinkirin da ya wuce hankali.

Akwai asara a ciki ne?

Sosai ma, kuma lauyan da ke son kuɗin moshan ba lallai ya faɗa maka ba. In an riga an saurari shaidu uku huɗu sannan aka ware ka aka kai fayil ɗinka gaban wani alƙali, daga farko za a sake, sai ka ga wanda ya gudu daga jinkiri ya faɗa wani jinkirin, su kuma sauran sun gama sun san matsayinsu. Shaidun gwamnati kuma sun riga sun sha tambayoyi sau ɗaya, sun san inda aka kama su, karo na biyu za su zo a shirye. Na uku wanda ya fi haɗari, muddin ana shari'arku tare gwamnati ba za ta iya kiran abokin tuhumarka ya zama shaidarta ba, amma in an raba, ko an janye masa caji, ko ya amsa laifi an gama da shi, za ta iya kawo shi ya tsaya a kanka. Gaskiya ne doka ta ce alƙali ya yi taka-tsantsan da shaidar wanda da hannunsa a laifin in babu abin da ya ƙarfafa ta, amma dai ka buɗe ƙofar da da a rufe take. Ga kuɗi, da ana karo-karo a biya lauya, yanzu gidanku ne kaɗai.

Ana iya sallamar mutum ɗaya a bar sauran ba tare da an raba ba?

Ƙwarai, kuma wannan ne mafi yawan iyaye ke nema ba su sani ba. Ko an haɗa mutum goma kowa hukuncinsa daban, dole gwamnati ta tabbatar da laifin kowanne ba tare da kokwanto ba. In ta gama kiran shaidunta babu wanda ya taɓa ɗanka, lauya zai roƙi kotu ta sallame shi tun kafin ya buɗe baki ya kare kansa. A shari'ar kisan Kudirat Abiola da aka harbe ranar 4 ga Yunin 1996 an ga haka, Kotun Ƙoli ta soke tuhumar Mohammed Abacha a 2002, an sallami Rabo Lawal a 2011, aka ci gaba da Al-Mustapha da Lateef Shofolahan har aka yanke musu hukuncin kisa a Janairun 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su a Yulin 2013. Takardar caji ɗaya, amma kowa ta ƙofarsa ya fita kuma a lokacinsa.

Dangin mamacin sun ce sun yafe wa namu, har Sarkin Hausawa ya shiga maganar.

Madalla da sulhu, yana kashe gaba a unguwa, amma kotun Legas ba ta san diyya ba, kes ɗin kisa na gwamnati ne ba na dangi ba. Antoni Janar na jiha ne kaɗai tsarin mulki ya ba ikon janye shi a sashe na 211. Don Allah kar wani ya karɓi kuɗinku ya ce zai cire suna a fayil.

Alƙali ya ƙi raba su, mu tafi afil?

Ana iya tafiya, amma kotun sama ba ta cika taɓa abin da aka bar wa alƙali ganin dama ba sai an nuna ƙin rabawar ya jawo zalunci a zahiri, kuma dokar Legas ba ta yarda a dakatar da shari'ar laifi don ana jiran irin wannan afil ɗin ba. Yawanci gara a ajiye maganar a rubuce a fayil, in hukunci bai yi daɗi ba a haɗa ta cikin babban afil.

Lauya ɗaya ƙungiyarmu ta ɗaukar musu su duka, ya isa?

In maganarsu ɗaya ce, misali duk sun ce ba sa wurin, ya isa. Amma ranar da ɗaya ya fara nuna ɗaya, lauya ɗaya ba zai iya ba, don ba zai yi wa wanda yake karewa tambayar ƙure ba, dole wani ya cutu kuma galibi ƙaramin cikinsu ne mara gata. Wannan kafin ma a yi maganar raba shari'a, a raba lauya tukuna. Wanda ba shi da hali akwai ofishin OPD, wato lauyoyin kare marasa hali na gwamnatin Legas, da kuma Legal Aid, kyauta suke tsayawa, kuma kotu da kanta tana naɗa lauya a kes ɗin kisa. Sannan tun zaman farko lauya ya faɗa wa kotu cewa yaron Hausa yake ji, sashe na 36(6) ya ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba, kuma a tabbatar an rubuta a rekod cewa an karanta masa cajin da Hausa kafin ya amsa.