Masu wankin mota, ina ruwanku yake tafiya?

Makon nan kaɗai sau uku ana kirana kan magana ɗaya. Ta ƙarshe wata uwa ce da gidansu ke bayan wani wurin wankin mota. Ta ɗebo ruwan rijiyarsu a kwanon sha ta miƙo min, ta ce, "Malam duba-gari, shinshina ka ji." Tun kafin in kai hanci na ga mai yana yawo a sama, kala-kala kamar bakan gizo. Da shi take girki, da shi take yi wa jaririnta wanka. Na zagaya ta gaba, sai ga yaro riƙe da injin feshi yana wanke injin tifa da gas, baƙin ruwa na bin gindin katanga yana nitsewa.

'Yan'uwana masu wankin mota da babur da adaidaita sahu, sana'arku ta halak ce. Kun raba matasa da zaman banza, Allah ya ƙara buɗi. Amma sakin ruwan wanki a titi da kwata, wannan kam ba zan gaji da faɗa ba. Ku daina!

Kullum amsar ɗaya ce: "Ai ruwa ne kawai, Malam, rana za ta shanye." Wane irin ruwa? Baƙin mai ne da giris da omo da laka. Wanda ya kwanta a kwata, cikin kwana 7 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe sauro. Wanda ya nitse, rijiyar maƙwabci zai nufa. Wanda ya samu hanya kuwa, a nan Kano da yawansa Jakara yake faɗawa, kuma kowa ya san da ruwan Jakara ake ban-ruwan latas da alayyafo. Kai da ka sake shi da safe, wataƙila a kwanon miyarka za ku sake haɗuwa.

Abin da ya fi ɗaure min kai, da kuɗinku kuke sayen ruwan nan. Wani a wajen 'yan ga-ruwa, wani tanka yake kira, mai burtsatse kuma fetur yake ƙonawa a janareta. Ka saya da tsada, ka fesa sau ɗaya, ka tsaya kana kallonsa yana bin titi. Haba maigida!

Gyaran ba ya bukatar injiniya, magini ɗaya ya isa:

- A yi daɓen siminti mai gangara, ruwa ya taru wuri guda.
- Ramuka uku a jere, a shafe su da siminti. Na farko yashi da laka su kwanta.
- Na biyu mai ya taso sama, bututu ya ɗebi ruwa daga ƙasansa.
- Na uku tsakuwa da yashi da gawayi, daga nan sai tanki mai murfi.
- A rufe ramukan saboda yara da sauro, a nisanta su da rijiya aƙalla mita 30.
- Duk mako a kwashe laka, man kuma a yaɗe shi a zuba a durom.

Ruwan da kuka tace ya isa wankin taya da ƙarƙashin mota da jiƙon farko, sabo kuma sai a ɗauraya. Amma kada in ga yaran wurin suna alwala da shi ko wanke kwanon abinci, kada kuma a kai shi lambu.

Na san wani zai ce filin haya ne, ba zai kashe kuɗi a ƙasar wani ba. To, ka jera durom uku ka haɗa su da bututu, ranar da ka tashi ka ɗauki abinka. Wannan ma ba hujja ba ce.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, zan sake zagayowa. Ba motar da kuka wanke zan duba ba, bayan katanga zan fara leƙawa.