Waiwaye: Tsadar kaya da rashin aikin yi, tun kafin rikicin man fetur

A 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Amurka, ta kuma haura kashi 11 a Birtaniya, an yi ta ja-in-ja: a ci gaba da ƙara kuɗin ruwa don farashi ya lafa, ko a sassauta kada ma'aikata su rasa abin yi? Da yawa suna magana kamar annobar korona da yaƙin Yukren ne suka haifi wannan tsaka mai wuya, alhali ta girme su nesa ba kusa ba.

A 1958 wani masani a Landan, A. W. Phillips, ya bi alƙaluman Birtaniya daga 1861 zuwa 1957, ya ga cewa idan marasa aiki suka ragu, albashi kan yi saurin tashi. Tunda tashin albashi kan ja tashin farashi, daga nan aka ɗauka gwamnati tana da zaɓi: ta haƙura da 'yar tsada a samu aiki, ko ta danne farashi wasu su zauna a gida. Labarin da kowa ya sani shi ne wannan lissafi ya wargaje a 1973, da kuɗin ɗanyen mai ya ninka sau huɗu cikin 'yan watanni.

Sai dai bangon ya tsage tun kafin a kai ga mai. A 1965 hauhawar farashi a Amurka ba ta kai kashi 2 ba. Zuwa 1970 ta kusa kashi 6, kuma a ƙarshen shekarar rashin aikin yi ma ya kai wajen kashi 6, bayan ya yi shekara huɗu ƙasa da kashi 4. Abu biyun da aka ce idan ɗaya ya hau ɗaya zai sauka, ga su suna hawa tare.

Abin da ya canja a waɗancan shekarun yana cikin kawunan mutane ne. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya faɗe shi a wani jawabi a Disamban 1967, takwaransa Edmund Phelps ma ya rubuta kusan haka a lokacin: tsada tana samar da aiki ne kawai idan ta zo ba zato. Mai masana'anta ya ga kayansa sun yi daraja amma albashi yana nan yadda yake, sai ya ƙara ɗaukar ma'aikata. Idan abin ya maimaitu bana da baɗi, kowa ya farga. Ma'aikaci zai zauna teburin ciniki yana neman ƙarin da zai rufe tsadar da ba ta ma iso ba. Mai ba da rance ya saka ta cikin ruwan da zai karɓa, mai gidan haya ya saka ta cikin yarjejeniya, mai masana'antar kuma ya ɗaga farashi tun kafin kuɗin kayan aikinsa ya tashi. Babu mai mugun nufi a cikinsu, kowa kansa yake karewa. Amma da zarar an kai nan, ribar da ke sa a ɗauki sabon ma'aikaci ta tafi, tsadar kuwa ta samu wurin zama. A ganina nan ne tushen matsalar, man fetur ya zo ne ya tarar da ita.

Cire wannan tsammani daga zukata ya ci mutane da yawa. A farkon shekarun 1980 an ɗaga kuɗin ruwa a Amurka zuwa wajen kashi 20 don danne tsadar, rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982, kafin farashi ya kwanta. Magidanta ne da matasa suka biya wannan da ayyukansu.

A karon 2022 kuwa, jama'a a Amurka ba su kai ga sabawa da tsadar ba, kuma zuwa tsakiyar 2023 ta sauko wajen kashi 3, rashin aikin yi bai kai kashi 4 ba. Ƙasashen da suka shekara da shekaru farashi yana tashi fiye da kashi 10 ba su da wannan sauƙin, don a can kowane albashi, haya da rance an riga an ƙulla shi da tsadar baɗi a ciki.