Ma'anar "log": littafin da sikirif ke sa wa hannu

Duk wanda ya zauna da ɗaliban kwamfuta a Samaru zai ji ana cewa "duba log". Log fayil ne da manhaja ke rubuta abin da ta yi a ciki, layi bayan layi, galibi tare da lokaci. Kalmar daga matuƙan jiragen ruwa ta fito. Guntun itace ne da suke ɗaure wa igiya su jefa ruwa don auna gudun jirgi, su rubuta abin da suka samu a littafi, har sunan itacen ya koma kan littafin.

A ce kana da sikirif, wato fayil ɗin umarni da kake kunnawa ta tamina (tagar da ake buga wa kwamfuta umarni), kana son sanin sau nawa ya yi aiki. Wasu kan ajiye lamba ɗaya a fayil, sikirif ya karanta, ya ƙara ɗaya, ya mayar. Ni dai ban cika son wannan hanya ba. Idan aka kunna shi sau biyu a lokaci guda, duka biyun za su karanta 40, duka su rubuta 41, ƙirga ɗaya ya salwanta, sai fa in an kulle fayil ɗin da `flock`, umarnin da ke sa ɗaya ya jira ɗaya ya gama. Ga ɗauke wuta: in ta faɗo daidai lokacin rubutawa, fayil na iya zama wayam.

Log kuwa kamar zanen gawayi ne a bango, irin wanda ake yi duk sanda ɗan ga-ruwa ya sauke jarka. Ba a goge na jiya, ƙari kawai ake yi. A farkon sikirif ka sa `date >> aiki.log`. Duk sanda sikirif ya yi aiki, wannan zai ƙara layi ɗaya na rana da lokaci a fayil ɗin aiki.log. Ranar da kake son jimilla, `wc -l aiki.log` zai ƙirga maka layukan. Ka samu adadi, ka kuma san ranar da sa'ar kowane aiki.

Amma a kula da alamar. `>>` ƙari take yi a ƙasa, `>` guda ɗaya kuwa share komai take yi ta fara sabo.

Wani zai ce ai akwai `history`, umarnin da ke nuna jerin umarnan da aka buga a baya. Wannan abin da ka buga da hannunka kawai yake riƙewa, kuma in ba a canja saitinsa ba, bash, wato manhajar da ke karɓar umarni a tamina, umarni 500 yake ajiyewa. Sikirif ɗin da `cron`, mai kunna ayyuka da kansa a lokacin da aka tsara, ya kunna da asuba kana barci ba zai fito a can ba.